Kwamfutar Kwantam: Abin Da Ta Iya, Da Abin Da Ya Shafe Mu

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi, ta wuce Kurudu da Orozo har Karshi, ba zai yi nisa ba sai ya ga laima da ɗan tebur, da saurayi ko budurwa riƙe da na'urar POS. Mazauna Jikwoyi, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, sun saba da wannan na'ura tun da daɗewa, amma a farkon shekarar 2023 ne ta zama dole, sa'ad da takardun kuɗi suka yi wuya bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Tun daga lokacin mai nama da mai shayi da mai kayan miya duk suka koyi karɓar kuɗi ta waya.

To, me ke hana ɓarawo ya tare saƙon da ke tafiya tsakanin wayar mai ciniki da banki, ya karanta, ya kwashe abin da ke ciki? Wani kwaɗo ne na lissafi, wanda ido ba ya gani. Yau shekaru fiye da arba'in ke nan duniya ta dogara da shi, gama babu kwamfutar da ta iya ɓalle shi. Amma akwai wata irin na'ura da manyan ƙasashe ke rigegeniyar ƙerawa, wadda masana suka tabbatar a kan takarda cewa in ta kammala za ta buɗe shi. Sunanta kwamfutar kwantam. Labarinta ya yi yawa a rediyo da intanet, wasu suna zuzuta ta, wasu suna cewa tatsuniya ce. Ya kamata mai karatu ya san gaskiyar magana: yaya take aiki, kuma shin tana da amfani a yau?

Asalin magana

Kalmar kwantam ta samo asali ne daga binciken wani Bajamushe, Max Planck, wanda a shekarar 1900 ya gano cewa ƙarfin haske da zafi ba ya kwarara kamar ruwa, ƙulli-ƙulli yake fita, kamar yadda mai gishiri ke ƙulla shi. Kowane ƙulli shi ne kwantam. A shekarun 1925 da 1926 Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka tsara ƙa'idojin lissafi da ke bayyana halin ƙwayar zarra da 'yan ƙananan halittun da ke cikinta. Daga wannan ilmi ne aka samu transista, wadda ke cikin kowane rediyo da waya, da hasken leza, da na'urar MRI ta ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Watau ke nan ilmin kwantam ya daɗe da shiga aljihunmu. Abin da yake sabo shi ne a sa shi ya yi lissafi da kansa.

Wanda ya fito da wannan shawara fili shi ne Richard Feynman, Ba'amurke, a wata lacca da ya yi a 1981. Ya lura cewa kwamfuta ta yau da kullum tana gaza kwaikwayon halin ƙwayoyin zarra in sun ɗan yi yawa, don lissafin yana ninkuwa ba iyaka. Sai ya ce, tun da haka ne, a ƙera kwamfuta da su ƙwayoyin kansu. A 1985 David Deutsch na Jami'ar Oxford ta Ingila ya rubuta yadda irin wannan na'ura za ta kasance.

Yadda take aiki

Kwamfutar da muka sani, daga ta ofis har ta cikin waya, harufa biyu kaɗai ta iya: 0 da 1. Kowane gurbi da ke riƙe da ɗayansu ana ce masa bit. Kamar makunnin fitila yake, ko yana kunne ko yana kashe. Hoto da murya da lambar asusun banki, duk jerin sifiri da ɗaya ne.

Gurbin kwamfutar kwantam kuwa ana ce masa kiyubit, kuma halaye uku ne suka raba shi da bit.

Na farko, muddin ba a duba shi ba, kiyubit yana iya zama cikin gaurayen hali, wani rabo na sifiri wani rabo na ɗaya. Akan misalta shi da kwabon da aka murza a kan tebur: yana juyi, ba a ce fuska ba, ba a ce baya ba, sai an kife shi da hannu. Misalin ya yi kusa, amma da saura, domin rabon da kiyubit ke ɗauke da shi ba sa'a ce kawai ba. Yana da girma, yana kuma da fuskar da ya dosa, kamar igiyar ruwa mai tudu da kwari.

Na biyu, ana iya sarƙe kiyubit biyu ko fiye, har su zama ba a iya bayyana halin ɗaya sai tare da na ɗan'uwansa. Wannan sarƙewa ta daɗe tana damun Albert Einstein, amma gwaji ya tabbatar da ita, har aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022 saboda aikinsu a kai. Albarkacin sarƙewa, kiyubit 2 suna da hali 4, kiyubit 3 suna da 8, kiyubit 10 suna da 1,024. In suka kai 300, yawan halayensu ya zarce ƙiyasin yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin da ɗan Adam ya iya hangowa.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, su ce ai na'urar tana gwada dukkan amsoshi lokaci guda ne, ta zaɓi ta daidai. Ba haka abin yake ba. Da zarar an duba kiyubit, gaurayen ya rushe, amsa guda tak za a gani, kuma in ba a yi dabara ba amsar ta kan-mai-uwa-da-wabi ce. Dabarar ita ce hali na uku. Jefa duwatsu biyu cikin tafki, ka dubi yadda igiyoyin ruwa ke haɗuwa: inda tudu ya gamu da tudu sai ruwan ya ƙara tashi, inda tudu ya gamu da kwari sai ya kwanta lumui. Gwanintar mai tsara lissafin kwantam ita ce ya shirya matakai yadda amsoshin banza za su kashe juna, amsar gaskiya kuma ta ƙara ƙarfi, ta yadda in an duba ita ce za ta fi yiwuwar fitowa. Ba kowace matsala ce ke karɓar irin wannan shiri ba. Kaɗan ne aka samu, kuma wannan shi ne abin da masu talla ba su cika faɗa ba.

Kwaɗon da ke kan kuɗinmu

Ɗaya daga cikin 'yan matsalolin nan ita ce ta shafe mu. In aka ce wa ɗan makaranta ya ninka 89 sau 97, nan take zai ce 8,633. Amma in aka ba shi 8,633 aka ce ya nemo lambobi biyu da aka ninka, sai ya sha gumi yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ninkawa sauƙi, warwarewa wuya. A kan wannan bambanci ne masana uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina kwaɗon da ake kira RSA a 1977. Lambar da ake amfani da ita a yau takan kai tsawon alƙaluma 617. Mafi girman irinta da aka taɓa warwarewa a bainar jama'a mai alƙaluma 250 ce, a shekarar 2020, kuma sai da aka haɗa kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Da wannan kwaɗo, da wani ɗan'uwansa da aka gina a kan wata matsalar lissafi makamanciyarta, ake tsare yawancin hulɗar intanet, da manhajojin banki, da tantance katin ATM.

A 1994 wani masanin lissafi mai suna Peter Shor, yana aiki a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, ya nuna yadda kwamfutar kwantam za ta warware irin wannan lamba. Hikimarsa ita ce ya mai da tambayar ta koma neman zagaye. Ga ɗan misali da lamba 15. A yi ta ninka 2 da kanta: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. A raba kowace da 15 a riƙe saura: 2, 4, 8, 1, 2, 4, 8, 1. Ka ga jerin yana dawowa bayan taki huɗu, kamar yadda ranar kasuwa ke zagayowa. Rabin huɗu biyu ne; 2 sau 2 huɗu; a rage ɗaya a samu 3, a ƙara ɗaya a samu 5. To, 3 sau 5 shi ne 15. In lamba ta yi girma, zagayen yakan yi tsawon da kwamfuta ta yau da kullum ba za ta ƙirga shi ba ko da za ta shekara dubbai. Kwamfutar kwantam kuwa gano zagaye shi ne abin da ta fi ƙwarewa a kai, saboda halin nan na igiyar ruwa.

Inda gizo ke saƙar

Faɗa da baki ba wuya. Kiyubit abu ne mai laulayi ƙwarai. Ɗan zafi, ko girgiza, ko burbushin maganaɗisu, ya isa ya rusa gaurayen kafin a gama lissafi. Kamfanonin Google da IBM suna ƙera nasu da ƙananan da'irorin lantarki da ake sanyaya su har kusan digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Irin kiyubit ɗin nan yakan riƙe halinsa ne na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, galibi. Gwaje-gwajen da suka share fagen wannan hanya an yi su ne a 1984 da 1985 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma su ne suka jawo wa John Clarke da Michel Devoret da John Martinis kyautar Nobel ta 2025. Wasu kamfanoni kuma suna kama ƙwayoyin zarra ɗai-ɗai da hasken leza, wasu suna amfani da ƙwayoyin haske, kamar yadda aka yi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta ƙasar Sin da ke Hefei a 2020.

Bari mu dubi abin da aka cim ma. A 2001 masanan IBM da na Jami'ar Stanford suka bi hanyar Shor da kiyubit 7, suka warware 15 zuwa 3 da 5. Shekaru fiye da ashirin bayan haka, lambobin da aka warware ta wannan hanya ba tare da ha'inci ba ba su wuce waɗanda ɗan firamare zai yi da ka ba. A watan Oktoba na 2019 Google ya ba da sanarwar cewa na'urarsa Sycamore, mai kiyubit 53, ta gama cikin daƙiƙa 200 wani aiki da zai ci wa babbar kwamfuta shekara 10,000. IBM ya musa, ya ce kwana biyu da rabi sun isa. Daga baya masana a ƙasar Sin suka yi irin aikin da kwamfutoci na yau da kullum cikin sa'o'i. Ban da haka, aikin kansa ba ya maganin komai. An ƙirƙiro shi ne don gwaji.

Babban ci gaba na gaskiya ya zo ne ta fannin gyaran kuskure. Tun da kiyubit guda ba abin dogaro ba ne, sai a tara da yawa su yi aikin guda, suna sa wa juna ido. A watan Disamba na 2024 Google ya nuna da na'urarsa Willow, mai kiyubit 105, cewa duk sa'ad da aka faɗaɗa rukunin, daga layi uku-uku zuwa biyar-biyar zuwa bakwai-bakwai, kuskure yana raguwa da kimanin rabi. Masana sun yi kusan shekara talatin suna jiran ganin haka. Amma a lura: kusan dukkan na'urar aka cinye don a samu kiyubit guda mai ɗan aminci.

Nawa ake bukata kafin a ɓalle kwaɗon RSA? A 2019 Craig Gidney da Martin Ekerå suka ƙiyasta kiyubit miliyan 20 da aikin sa'a 8. A watan Mayu na 2025 Gidney ya sake lissafi, ya ce ƙasa da miliyan ɗaya za su isa, cikin ƙasa da mako guda. Na'urar Condor da IBM ya nuna a ƙarshen 2023 tana da 1,121. Tazarar tana da faɗi, amma daga ɓangarori biyu take tsukewa: na'urori suna girma, bukata tana raguwa.

Shin tana da amfani?

Amsa a taƙaice: har yanzu ba a nuna wani aiki na kasuwanci ko na magani ko na noma da kwamfutar kwantam ta yi fiye da kwamfuta ta yau da kullum ba, a hanyar da masana suka yarda da ita baki ɗaya. Hujja ma ita ce a watan Maris na 2024 Google da gidauniyar XPRIZE suka sa gasar dala miliyan 5, ta shekara uku, don a nemo wa na'urar aikin yi mai amfani ga jama'a. Wanda ke da amsa a hannu ba ya sa ladan cigiya.

Akwai masu cewa za ta magance cunkoson motoci. A 2019 kamfanin Volkswagen ya gwada tsara hanyar wasu motocin safa a birnin Lisbon na Fotugal da na'urar kamfanin D-Wave. Gwaji ne kawai, bai nuna cewa kwamfuta ta yau da kullum ta gaza aikin ba. Ma'aikacin da ke barin Jikwoyi da asuba don ya tsere wa cunkoson Nyanya ya sani sarai cewa damuwarsa ƙarancin hanya ce da motocin haya, ba ƙarancin lissafi ba. Haka kuma na'urar ba za ta maye gurbin waya ko kwamfutar ofis ba. Wajen rubuta wasiƙa ko lissafin albashi, ta yau da kullum ta fi ta sauri da araha nesa ba kusa ba.

Inda ake da kyakkyawan zato shi ne inda Feynman ya nuna tun farko, watau ilmin haɗa sinadarai. Misali mafi kusa da mu shi ne takin zamani. Ana yin sa ne ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka gano a farkon ƙarni na 20, wadda ke bukatar zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani, har tana cinye kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya. Alhali kuwa manomin ƙasar Hausa da ke shuka wake ko gyaɗa tsakanin gero da dawa ya daɗe da sanin suna gyara ƙasa. Ƙwayoyin halitta ne da ke cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwarsu suke jawo sinadarin naitirojin daga iska, ba wuta ba matsi. Yadda suke yi dalla-dalla ya gagari kwamfutocin yau. A 2017 masana daga kamfanin Microsoft da wata jami'a ta Zurich a Suwizalan suka nuna cewa kwamfutar kwantam mai aminci za ta iya bin diddigin abin. In haka ta samu, wata rana buhun taki zai iya sauka. Irin wannan fata ake yi game da batura da magunguna. Amma fata ce, na'urar da za ta yi aikin ba a ƙera ta ba tukuna.

Ba a fafe gora ranar tafiya

In haka ne, me ya sa za mu damu tun yanzu? Dalili shi ne ɓarawon zamani yana da haƙuri. Yana iya kwafe saƙon da ke kulle yau ya adana, ya jira ranar da mabuɗi zai samu. Lambar sirri ta kati ana iya sake ta cikin minti guda, amma zanen yatsa da hoton fuska da ranar haihuwa ba a sake su. Waɗannan kuwa su ne aka tara a rajistar BVN, wadda aka fara a 2014, da ta lambar NIN da hukumar NIMC ke bayarwa. Haka ma asiran gwamnati da na tsaro.

Magani ya riga ya samu, kuma ba ya bukatar kwamfutar kwantam. Masana lissafi sun ƙera sababbin kwaɗuna a kan wasu matsaloli dabam, waɗanda ba a san hanyar da na'urar kwantam za ta warware su ba. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe gasa a 2016, kuma a ranar 13 ga Agusta 2024 ta fitar da ƙa'idoji uku na farko. Manhajar Signal ta fara sauyawa a 2023, kamfanin Apple ya bi a 2024. Hukumomin Amurka da na Birtaniya sun sa shekarar 2035 a matsayin lokacin da suke son a gama ƙaura daga tsohon kwaɗo.

Sauya kwaɗo a ƙasa irin tamu ba aikin dare ɗaya ba ne. Akwai bankuna, da kamfanin NIBSS da ke haɗa su, da katuna, da na'urorin ATM, da na POS da suka bazu har ƙauyuka. Ya kamata Babban Banki da hukumar NITDA da hukumar kare bayanai, wadda dokar 2023 ta kafa, su bukaci kowace ma'aikata ta ƙidaya inda take amfani da tsohon kwaɗo, a kuma sa sharaɗi cewa duk na'urar da za a sayo nan gaba ta zama mai karɓar sabo. Yin haka a hankali cikin shekara goma ya fi araha bisa ga yin sa a gigice. Mun ga abin da gaggawa ta jawo a 2023.

Sa'an nan akwai batun mutane. Ba lalle ne Nijeriya ta sayi na'urar da ke bukatar sanyi da wutar da ba ta yankewa ba. Tun 2016 IBM ya buɗe wasu na'urorinsa ga kowa ta intanet, kuma a 2019 Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ta zama ta farko a nahiyar nan da ta shiga ƙawancensa. Ghana ce ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin da ya mai da 2025 shekarar kimiyyar kwantam. A cikin Babban Birnin Tarayya muna da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda, yankin Kwali, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Galadimawa. Abin da ake bukata malaman lissafi ne da na kimiyya, tun daga sakandare. Ilmin lambobi kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu: Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan hatimai na lissafi wanda masana tarihin ilmi ke nazari har yau.

Ga talaka mai asusu kuwa, shawara biyu ce. Ta farko, kada ya razana. Babu na'urar da ke iya ɓalle kwaɗon bankinsa a yau, kuma masu kwashe kuɗin mutane yanzu da baki suke yi, su bugo waya su ce daga banki ne, su nemi lambar sirri. Ta biyu, ya yi hattara da duk wanda ya zo masa da kalmar kwantam yana alkawarin ninka kuɗi. An riga an ga tallace-tallacen bogi a intanet da ke cewa wai na'urar kwantam ce ke yin ciniki ta jawo riba. Waɗanda suka tuna yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016 sun san irin wannan kiɗa. Na'urar da manyan masana ke neman abin da za ta yi ba ita ce za ta ninka wa kowa dubu goma cikin mako ba.

Ko na'urar za ta kammala cikin shekara goma, ko ashirin, ko fiye, masana kansu sun saɓa. Abin da suka haɗu a kai shi ne sabon kwaɗo yana nan, kuma wanda ya sa shi da wuri bai yi hasarar komai ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya kamata a lokacinsa.